Ƙasar da Za Su Taka

Sojojina ba su kai tsawon ɗan yatsa ba.
Su talatin da biyu ne, na dalma.
Tun Laraba na gama musu fenti,
har maɓallan riga, har igiyar wuyan mai ganga,
amma duk wanda na tsayar kan tebur sai ya kife.
Ashe soja, ko na wasa ne, sai da ƙasa a ƙarƙashinsa.

Na fara da murfin kwalba. Ba nauyi.
Tari ɗaya Nanle ya yi, rundunar dama ta watse.
Sai na tuna gwangwanin Baba na tsofaffin kwabbai,
waɗanda ko mai ƙosai ta daina karɓa.
Kwabo ɗaya, soja ɗaya.
Rabon kuɗin nan da su riƙe wani a tsaye, an jima.

Saura shimfiɗa.

Yashin gini ya yi girma:
a ƙafar ɗan soja kowace ƙwaya dutse ce har gwiwa.
Na ari rariyar Uwani ta tankaɗe,
ta ce in ta dawo da ƙasa a jikinta,
ni da dakarun mu nemi wani gidan cin tuwo.

A Katako, bayan injin yanka,
Tanimu ya cika mini leda da dusar katako, bai karɓi sisi ba.
Ka jiƙa ta da koren fenti, ka shanya kan langalanga,
ciyawar Agusta ce sak ta gefen Shere.
Ganyen shayin jiya ya zama busasshen ganyen daji.
Acha ma na gwada, ta ba da tsakuwa mai kyau,
sai ɓera ya zo cikin dare ya cinye filin daga,
ya bar kyaftin tsaye kan gam, takobi a sama,
ba abokin gaba, ba ƙasa.

Ranar Juma'a na sauka bakin tafkin kuza na Rayfield.
Ruwan kore, shiru, kamar bai taɓa haɗiye kowa ba.
A irin ramin nan kakana ya ɗauki kwanon sarki
har gashin tsakar kansa ya ƙare.
Na dumbuzi baƙin yashin gaɓa, mai walƙiya,
ya fi girmansa nauyi a tafin hannu.
Na ƙulle kaɗan a bakin hankici.

Asabar, Nanle ya zo da kwalin ashana.
Ya buɗe: toka ce da ɓarɓashin gawayi
na shagon mahaifinsa, tun shekarar da layinsu ya ƙone.
Ya ce, barbaɗa wannan, zai yi kama da na gaske.
Muka dubi kwalin. Shayi ya huce.
Ban ce a'a ba. Shi ya mayar da murfin da kansa,
ya tura shi aljihun da ke saitin ƙirji.

Namu yaƙin na ɗan lido ne da tef ɗin tela.
Wanda ya faɗi, da yatsu biyu ake ɗaga shi,
a kwantar da shi cikin auduga,
ya tashi wata Asabar ba ko ƙwarzane.

To, ga abin da na zaɓa:
jar ƙasar bayan ɗakina, tankaɗaɗɗiya,
sai baƙin yashin kuza, gwargwadon gishirin miya,
ciyawar Tanimu nan da can,
da ɗan tsagin dutse ɗaya domin mai ganga ya jingina.
Gam ɗin kafinta, a sirka da ruwa, a shafa da tsinke.

Sanyin Jos ba ya barin gam ya bushe da wuri.
Na jera su a taga, talatin da biyu, ƙafafu a jiƙe,
kowa da guntun garin nan manne a takalminsa.
Daga madafi Uwani na tambayar rariyarta.
Ina wankewa.